Kundin aikin sassaben zamani a gonakin arewacin Daura

Filin da wannan kundi ke bibiya hekta 14 ne, a wani ƙauye da ke arewa da Daura, dab da iyakar Nijar. Aikin na dawo da itatuwa ne ta hanyar renon tohon kututturen da ke gona, da dashe inda babu su. Kashi uku ne. Hekta 9 jigawa ce da gidaje 11 ke noma gero da wake da gyaɗa a cikinta. Hekta 3 fako ne, ƙasa ta daskare kamar daɓe, ko tumfafiya da ƙyar take kama ta. Sauran hekta 2 bakin wani rafi ne da ba ya gudu sai da damina. Dattawan garin sun ce kurmi ne a da, har ana shakkar shigarsa da yamma. Yanzu in ka tsaya a gaɓa ɗaya kana hango ɗayar, babu abin da ya tare ka.

12 ga Fabrairu, 2024

Da ƙidaya aka fara, kafin a ɗauki gatari ko a sayi leda guda. An ja igiya mita 20 a faɗi, mita 50 a tsawo, wato kashi ɗaya cikin goma na hekta, a wurare 12 cikin gonakin. Manyan itatuwa an ƙirga su daban, kututture da ƙananan tsiro daban. Gane kututture mai rai ba shi da wuya: a tone ƙasa taƙi ɗaya a gindinsa, a kankare ɓawon da wuƙa. In cikin ya fito kore ko da danshi, yana da rai. In ya bushe ƙamas kuma gara ta yi hanya a ciki, a wuce.

Manyan itatuwa ba su kai 5 a hekta ba: gawo, kuka, da ɗorawa ɗaya tak a duk filin. Amma kututture masu rai sun haura 200 a kowace hekta ta jigawa. Sabara ce kan gaba, sai kalgo, sai magarya, aduwa jefi-jefi, kaba a wajen kwari, da 'ya'yan gawo da suka tsiro daga kashin shanu. Duk waɗannan manomi yana sare su kowace bazara, ya tara, ya cinna wuta, su sake tohowa, ya sake sarewa. Saman ne ke mutuwa. Saiwa tana nan ƙasa tana ƙara zurfi shekara da shekaru.

Abin da Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aikin gona a Maraɗi, ya lura da shi kenan a 1983, bayan ya sha ganin dashen da suke yi yana mutuwa kusan duka. Manoman can suka sa wa aikin suna sassaben zamani: sassabe ne dai, amma na zaɓe, ba na share fage ba. Bayan shekara 20 da 'yan kai, masu nazarin hotunan sama suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 da suka dawo a jihohin Maraɗi da Damagaram, kuma ba dasa su aka yi ba. Dashe yana fitowa daga leda da saiwa taƙi ɗaya, ya tarar da rani na wata 8. Kututture yana zaune a kan saiwar da ta riga ta kai ga danshi. Da tsohuwar zuma ake magani.

2 ga Maris, 2024

Zama a ƙofar gidan dagaci. An gayyaci masu gonakin, matan da ke neman itacen girki, da ardon Fulanin da ke sauka a yankin da kaka. Ba a taɓo dabarar sara ba ko kaɗan. Maganar mallaka aka yi, don ita ke kashe wannan aiki ko ta raya shi. Manomi ba zai reni itace shekara 5 a gonarsa ba in ya san ranar da ya sare reshe za a ce ya karya dokar daji, ko kuma wani zai riga shi da dare. A Nijar an daɗe a kan haka. Dokar daji ta zamanin Faransa da ta bayansa ta sa itatuwa irin su gawo a hannun gwamnati, manoma suka riƙa tumɓuke tsiro tun yana ƙarami kada ya girma ya jawo musu tara. Sai da aka sassauta, aka bar manomi ya ci amfanin abin da ya rena, sannan gonaki suka cika. A 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena. Tsofaffin da ke wajen zaman sun kawo labarin Sarkin Damagaram Tanimun, da ake cewa ya kafa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Takobi na iya tsare gawo a zamanin sarauta. Yau sai dai ribar mai gona ta tsare shi.

Abin da aka tsayar: itacen da ke gona na mai gona ne, da kirarensa da 'ya'yansa. Duk tohon da aka ɗaura wa jan tsumma ba a taɓa shi. Rabin abin da aka sassabe a shekarar farko na mata ne kyauta, don ba zai yiwu a rufe musu hanyar itace sannan a ce su kiyaye doka ba. Burtali yana nan a buɗe, faɗinsa yadda aka gada. Makiyayi na iya sassarar gawo da rani da izinin mai gona, amma kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na rassa, kada kuma ya taɓa kan itacen. An naɗa mutum 5 masu sa ido, 2 mata, 1 Bafulatani.

20 ga Maris, 2024

Lambun reno, gefen rijiyar burtsatse, ƙarƙashin rumfar zana mai barin rabin rana ta shiga. Fako da bakin rafi kusan ba su da kututture, dole a yi musu dashe. Leda 1,200, faɗi santimita 10, tsawo 25. Doguwar leda aka zaɓa saboda gawo da bagaruwa saiwarsu ƙasa take nufa kai tsaye. Haɗin ƙasa: yashi da ƙasar sama kashi 3, ruɓaɓɓen taki kashi 1, a tankaɗe.

Kowane iri da nasa hali. Ƙwayar gawo ɓawonta tauri gare shi, sai an ɗan yanke gefenta da abin yankan farce, ɓangaren da ba na idon ba, a jiƙa ta kwana ɗaya. Haka take fitowa cikin mako guda. Bagaruwa a tafasa ruwa, a sauke, a zuba mata, a bar ta ta kwana a ciki. Mafi sauƙi ma a tsinto ƙwayar a garken awaki, ciki ya riga ya yi mata aikin. Dakwara ba ta son ruwan zafi, ruwan randa na kwana ɗaya ya ishe ta. Kalwa da 'ya'yan kuka ruwan zafi sannan jiƙo. Maɗaci kuma sabo ake shukawa, a kwance, ƙasa kaɗan a kai, don in ya yi 'yan watanni a ajiye ya mutu.

An yi kuskure a layuka biyu na farko. Takin da aka sa na awaki ne da bai gama ruɓa ba. Da aka fara ban ruwa sai ya ɗau zafi a cikin leda, tsiro ya fito ya yi rawaya ya kwanta. Leda kusan 200 aka zazzage aka sake haɗi. Gwajin taki: a cusa hannu tsakiyar tarin, in da ɗumi ko wari mai hawa kai, bai nuna ba. Ban ruwa safe da yamma. Azumi ne, zafi ya yi tsanani, duk aikin ƙarfi an mayar da shi bayan asuba.

15 ga Afrilu, 2024

An shiga sassabe bayan sallah, daidai lokacin da manoma suka saba share gona.

A kowane kututture ana duba tohon da ya fito, a zaɓi 3 zuwa 5 mafi miƙewa da ƙwari, a sare sauran daga gindi. Waɗanda aka bari a rage musu rassan gefe har zuwa rabin tsawonsu, kada a wuce. Wanda ya yi wa toho aski har kai ya bar masa ɗan tuntu a sama, iskar farkon damina za ta karya shi, ko akuya ta miƙe ta janyo shi ƙasa ta cinye kan. Ganye ne ke ciyar da kara har ya yi kauri. Sara daga ƙasa zuwa sama ake yi. In aka saro daga sama, reshen yana yage ɓawo ya sauka da shi, ciwon ya zama ƙofar ruɓa da gara. Adda da lauje dole su sha wasi kowace safiya, don dakusasshen ƙarfe farfasa itace yake yi. Reshen da ya kai kaurin ƙotar fartanya ƙaramin zarto ake sa masa.

An sha tambayar me ya sa ba za a bar toho ɗaya ya yi saurin zama itace ba. Ɗaya ya fi saurin girma, gaskiya ne. Amma in akuya ta ci shi ko wani ya sare, an koma farko. Da guda 5, manomi yana sare ɗaya kowace shekara ya yi girki ko ya kai kasuwa, sabon toho ya maye gurbinsa, gindin bai taɓa zama tsirara ba. Gawo ne kawai ake bar wa ɗaya ko biyu, don babban itace ake nema da shi. Tohon sabara mai laushi ne, sai an tattara su an ɗaure sako-sako da ɓawon kalgo su tallafi juna.

Kaba tata dabara daban ce. Ita ba a sare mata reshe, barin ta ake yi. Kaba ƙaramar goriba ce da masu tabarma da igiya ke yanka kullum, shi ya sa ba ta taɓa tashi. A kowane cincirindo an zaɓi gindi ɗaya ko biyu, an ɗaura tsumma, an ce a yanki ganyen gefe a bar na tsakiya. In aka yanke zuciyar, wannan gindi ya gama.

An bar kututture 60 zuwa 80 a hekta, jimilla 630. Mai gona ɗaya ya ce 20 zai bari, kada itace ya cinye masa gero. An ƙyale shi, ba a yi jayayya ba, gonarsa za ta yi amfani wajen kwatance. Mutum ɗaya yana gama hekta cikin kwana 2. Abin da aka sassabe ba a ƙone shi ba: manyan an ɗaure dami-dami, ganye da kirare an baza su a gona. Inda dole sai an ƙona kara, a nisanta wutar aƙalla taku 5 daga gindi.

6 ga Mayu, 2024

Fako. Matsalarsa ba rashin ruwan sama ba ce, ruwan ne ba ya tsayawa. Saman ƙasar ya toshe, ruwa ya zubo ya gangare rafi da 'yar ƙasar da ta rage. Dasa itace a nan ba tare da tare ruwa ba asarar leda ce.

Rabin wata ake tonawa, wato rami mai siffar rabin wata da ke tare ruwa. A kafa turke, a ɗaura igiya mita 2, a zana rabin da'ira mai faɗin mita 4, bakinta yana kallon tudu inda ruwa ke gangarowa. A haƙa cikin da diga zurfin santimita 20 zuwa 25, a tara ƙasar a bayan da'irar ta zama kunya mai tsayin santimita 30 zuwa 40, a daddake. Layi na biyu yana zama a tsakanin na farko, kamar ɓawon kifi, yadda ruwan da ya zille wa ɗaya zai faɗa na ƙasa. A tsarin da aka saba a Nijar, hekta tana cin 313. Don layi ya kwanta daidai, an yi amfani da farar tiyo mita 12 cike da ruwa da sanduna biyu masu alama: inda ruwan ya tsaya a alama ɗaya a sandunan biyu, wuraren biyu tsayinsu ɗaya ne. A fitar da iska daga tiyon tukuna, kumfa ɗaya yana karkatar da layi gaba ɗaya.

A wannan ƙasa mutum ɗaya yana haƙa 2, mai ƙarfi 3, a yini. An samu 470, wajen hekta ɗaya da rabi, kafin mutane su koma gonakinsu. A gefe an gwada tassa: ramuka masu faɗin santimita 25, zurfi 15 zuwa 20, taku ɗaya tsakani, taki cikin tafi biyu a kowanne. Gara tana bin takin, tana huda ƙasa, ruwa yana bin hanyarta. Wannan dabara ce da Yacouba Sawadogo ya inganta a Yatenga ta Burkina Faso, manoman Illela a jihar Tawa suka je suka gani a ƙarshen shekarun 1980 suka kawo gida. Shi da Rinaudo duk sun samu lambar yabo ta duniya ta Right Livelihood a 2018.

28 ga Mayu, 2024

An dasa aguwa a iyakar fako da burtali. Reshe kamu ɗaya, a bar shi kwana 3 a inuwa ƙaron ya bushe, a binne kashi ɗaya cikin uku, taƙi ɗaya tsakani. Yanzu ake dasa ta ƙasa na bushe. In aka jira ruwa ya sauka ruɓewa take yi. A lambun reno ana ɗaga kowace leda duk mako biyu a yanke saiwar da ta huda ƙasa.

24 ga Yuni, 2024

Shuka ta kama, an shiga noman firi. Iskar da ke gaban hadari ta binne gero a buɗaɗɗun wurare har an yi sake a gona biyu, amma bayan kowane gindin sabara da aka bari akwai 'yar inuwar iska da tsiro ya tsira a cikinta.

Barazanar wannan wata 'yan ƙwadago ne da garmar shanu. Ɗan ƙwadago ba gonarsa ba ce, duk abin da ba gero ba fartanya yake sa masa. Ƙananan gawo masu taƙi ɗaya ba sa ɗaukar tsumma, kuma gawo da damina ba shi da ganyen kirki da zai nuna kansa. An rasa da dama a gona uku kafin a farga. Yanzu kowanne an kafa masa sanda mai tsayin ƙugu, kuma mai gona yana zagayawa da 'yan aiki kafin su fara.

18 ga Yuli, 2024

Dashe. An jira sai da danshi ya kai kamu ɗaya a ƙasa, aka tona aka gani, ba a bi lissafin kwanaki ba. Mako biyu kafin nan an cire rumfa an rage ban ruwa don tsiron ya saba da wuya. Rami santimita 40 kowane gefe, ƙasar sama a mayar da ita ƙasa. A yanke gindin leda da reza santimita 2 don cire saiwar da ta naɗe, a tsaga gefe, a zare ledar ba tare da dunƙulen ƙasar ya fashe ba. Wanda ya binne da leda, ko ya bar saiwa a naɗe, itacen zai yi shekara 2 yana kore sannan ya tsaya cak. Da yamma ake dasawa.

An fitar da 1,050: dakwara da bagaruwa da gawo 470 a rabin wata, maɗaci da tsamiya da bagaruwa 380 a bakin rafi, kuka da ɗorawa da tsamiya 200 a gonaki inda masu su suka nuna. A kan kunyar kowane rabin wata an dasa gamba don ta riƙe ƙasa.

5 ga Satumba, 2024

Damina ce mai ruwa fiye da kima a duk yankin. Shekaranjiya tsohon masallacin Birni a Damagaram ya rushe. A nan ɓarnar ta nuna kurakurai biyu, kuma duk na aikin ne, ba na ruwa ba.

Na farko, an fara tonon rabin wata daga tsakiyar gangara saboda nan ya fi kusa da hanya, aka bar hekta guda ta fako a sama ba a taɓa ba. Duk ruwan wannan hekta ya taru ya afka wa layin farko. Kunya ta fashe, ruwan ya ƙara ƙarfi ya fasa ta ƙasa, haka har layi 6. Sama da 70 suka lalace. Daga can ƙolin tudu ake farawa a gangaro, ko kuma a jera duwatsu a sama su karya gudun ruwa. Waɗanda gamba ta kama kunyarsu sun fi jurewa.

Na biyu, wurin dashe. A rabin wata da yawa an sa tsiron a tsakiyar kwarin, inda ruwa ya kwanta kwana 4 zuwa 5. Bagaruwa ba ta damu ba, ita dama ta fadama ce. Dakwara da gawo suka shaƙe suka mutu. Wurinsu gefen kunya ne daga ciki, inda danshi ke kaiwa amma ruwa ba ya rufe wuya. A rafi ma maɗacin da aka sa can ƙasa kusa da magudana ambaliya ta tafi da shi, na saman gaɓa yana nan.

Wannan kuskure ba namu kaɗai ba ne. Masu farfaɗo da dazukan bakin teku, na itatuwan mangurob masu tsayawa a kan saiwa cikin laka da ruwan gishiri, irin na Neja Delta, sun daɗe suna faɗin haka. Bayan igiyar tsunami ta 2004 an dasa su da yawa a gaɓar Siri Lanka, mafi yawan wuraren suka mutu, saboda an sa su inda ruwan teku ke daɗewa a kansu ko inda ba ya kaiwa. Inda aka gyara hanyar ruwa kuma akwai iyaye a kusa, 'ya'yan da kansu suke zuwa bisa ruwa su kafu. Tambayar iri ɗaya ce a laka da a fako: ruwa nawa, kwana nawa, a wane tsayi.

10 ga Oktoba, 2024

An yanke gero. Ƙidaya: dashe 810 na da rai cikin 1,050. Wannan adadi ba abin murna ba ne, na kaka ne. Duk mai ba da rahoton dashe a Oktoba bai faɗi komai ba tukuna.

An yi sassabe na biyu, mai sauƙi, na cire sabon tohon da ya fito a gindi da damina. Tohon sabara da kalgo da aka bari ya kai ƙirji, wasu sun wuce kai. A rabin watan da bai fashe ba kyasuwa da ƙarangiya sun fito inda babu komai bara. An hana yanka su sai iri ya zuba. An roƙi kowane gida dami 10 na kara aka shimfiɗa a kan fakon da ba a tona ba, gara ta yi aikinta da rani.

25 ga Nuwamba, 2024

An saki dabbobi. Mako biyu ya isa a ga bambanci. Tohon kututture da ya wuce mita ɗaya da rabi, akuya tana cin na ƙasa ta bar kai. Sabara da kalgo ma ba su cika damunta ba. Dashe kuwa tsayinsa taƙi 2, loma ɗaya ne. Kuka da ɗorawa aka fara cinyewa.

Shingen aguwa bai yi kaurin tsare komai ba a shekarar farko, sai an cusa masa ƙaya. Kowane dashe a gona an yi masa kewaye: turaku 4, tsayin mita ɗaya da kwata, a saƙa da ƙayar magarya da aduwa daga abin da aka sassabe. Faɗin kewayen ya kai mita ɗaya, in ya matse akuya tana zura kai. Mutum ɗaya ba ya wuce 8 a yini, kuma gara tana cin turakun cikin wata 3 sai an sake. Da an yi wannan lissafi tun a Maris da ba a cika leda 1,200 ba. Adadin da za a iya karewa shi ne adadin da ya kamata a rena.

14 ga Janairu, 2025

Sanyi ya sa itace ya yi tsada. An sare toho a kututture 40 da dare, a gonakin da ke nesa da gari. Masu sa ido sun bi sawu, magana ta je gaban dagaci, an sasanta. Asarar shekara ɗaya ce, gindin zai sake tohowa.

Wadda ba ta gyaruwa ita ce ta ƙirya. Gindi 3 da ke bakin rafi an tone su har saiwa, don gawayinta maƙera ke nema, yana da ƙarfin wuta. Kututturen da aka tone ya tafi kenan. Itacen da ya yi kuɗi da yawa doka kaɗai ba ta tsare shi. Madobiya ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta CITES ta taƙaita cinikinsu a 2017, bayan an riga an kwashe manyanta daga dazukan Taraba ana lodi zuwa Sin. An ƙara sharaɗi a dokar gari: tonon gindi laifinsa ya fi na sara.

10 ga Maris, 2025

Ƙidayar tsakiyar rani. Dashe 390 ya rage cikin 1,050. Bagaruwa da dakwara a gefen kunya su ne mafi yawa. Ɗorawa 11 kacal, duk a gonakin da ke kusa da gida inda yara ke kai musu ruwan wanke-wanke. A bakin rafi gafiya ta ci saiwar tsamiya da dama. Kututture 630 kuwa duk suna da rai har da waɗanda aka sare, 590 na ɗauke da tohonsu cikakke.

In aka auna da kwanakin aiki, sassaben hekta 9 bai kai kwana 40 na mutum ɗaya ba har da zagaye na biyu. Tonon rabin wata kaɗai ya ci kusan 190, ban da reno da ban ruwa da kewaye. Katsina tana cikin jihohin Najeriya 11 da ke cikin shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, kuma shirin da kansa ya bar tunanin farko na jera dashe layi ɗaya daga Senegal zuwa Jibuti. Dashe yana da wurinsa: fakon da babu saiwa, da irin da ya ɓace a yankin. Bayan nan, kuɗin leda gara a sayi zarto.

Gawo yana cike da ganye yanzu, 'ya'yansa na zuba, dabbobi na kwana a gindin manyan suna barin taki. Da damina zai kaɗe ya bar wa gero rana. An tara 'ya'yan manyan gawo 4 mafi yawan haihuwa, za a ba tumaki a ɗaure su a kan fako su shuka da kansu.

22 ga Afrilu, 2025

Sassabe na shekara ta biyu. An rage toho daga 5 zuwa 3 a yawancin gindi. Abin da aka sare ya kai kaurin sandar makiyayi, kowace gona ta samu itacen girkin makonni. Masu gona 2 sun koka da kalgo, inuwarsa tana da duhu kuma geron gindinsa bai yi zangarniyar kirki ba. Kukan yana da tushe. An ɗaga rassansa sama, an rage inda biyu suka matsu, an sa tsakanin manyan da za a bari ya kai mita 10. Maganar tsuntsaye ma ta taso, za a sa ido da kaka a ga ko suna sheƙa a sabara ko daga fadama suke zuwa. Mai gonar da ya bar 20 bara ya ɗaura tsumma a kan 55 bana. Gidaje 6 da ba sa cikin aikin sun yi nasu ba wanda ya ce musu.

An gwada auren magarya, wato haɗa reshen wani iri a kan gindin ta gida. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa irin magaryar Indiya mai manyan 'ya'ya, kuma tana kamawa a kan gindin ta gida. An zaɓi toho mai kaurin fensir a gindi 30, an tsaga, an cusa reshe mai ido 2 zuwa 3, an naɗe da leda. Duk tohon da ya fito ƙasan auren sai an riƙa cire shi kowane mako, in ba haka ba gindin zai ciyar da nasa ya yar da baƙon.

9 ga Yuni, 2025

An gyara rabin wata 70 da suka fashe, an tona sababbi 160 daga ƙolin tudu, an ja layin duwatsu biyu a samansu. Reno na bana leda 300 ne kawai, maɗaci da ɗorawa da ƙirya, kuma an saƙa kewayensu tun kafin su fita. Auren magarya 17 ya kama cikin 30. Waɗanda suka mutu yawanci ledar ce ta kwance iska ta shiga. A fakon da aka shimfiɗa wa kara, diga tana shiga taƙi ɗaya inda bara take tsalle.

Sauran aiki kafin ruwa ya zauna: kafa sanduna a kan ƙananan gawo kafin noman firi, shuka aduwa da bagaruwa kai tsaye a gefen kunya ƙwaya 3 a rami don a kwatanta da na leda, da ƙaro gamba a layuka 6 na sama. Ƙidaya ta gaba bayan girbi.